Masu gyaran jirgi da kwalekwale, ina kuke kai tsohon fenti da baƙin mai?

Mai walda, Nima: Salamu alaikum ƴan uwa. A wurin gyaran jirage da nake aiki ta gefen Tema, in an kankare tsohon fentin ƙasan jirgi garin nan ja duk a ƙasa yake zuba, da yamma yara su jawo tiyo su wanke, sai teku. Kuma fa ba fentin bango ba ne, wanda ke hana ƙwarin ruwa mannewa ne, da jan ƙarfe a ciki. Don Allah wanda ya yi aiki wani wuri ya ba mu labarin yadda suke yi.

Ɗan Mamobi a Sifen: Wa alaikumus salam yaya. Ni a Palma nake, jiragen shaƙatawa na attajirai muke gyarawa, yot. Kafin a taɓa fenti sai an kafa ƙarafa an lulluɓe jirgin kaf da farar leda, a sa fanka mai tace iska, injin gogewa ma da bututu a jikinsa yana zuƙe ƙura tun ba ta tashi ba, ruwan wanki kuma rami yake gangarawa a tace shi. Janareton jirgi kashe shi ake yi a jona wutar tasha, babu hayaƙi babu ƙara. Amma kar ku ɗauka aljanna ce, in an gama aiki ledar nan da ake yankewa tuli guda ce, kuma mai jirgi ne ke biyan komai, shi ko kuɗi ba sa damunsa.

Alhaji, Sabon Zongo: Yarana, ku kun zo a zamani mai sauƙi. Mu lokacinmu fenti mai sinadarin dafi da ake kira TBT ake shafawa, mai ƙarfin gaske, har aka gano yana lalata dodon koɗi da kawa, hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta hana shi, dokar ta fara aiki a 2008. To amma tsohon jirgi fenti ne kan fenti, kai da kake kankarewa ka san me ke can ƙasa? Ga feshin yashi da ake kankare fenti da shi, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, mu kuwa tsumma kawai muke ɗaurewa a hanci.

Hajiya mai kifi, Chorkor: Alhaji sannu da ƙoƙari. Ni ban san yot ba, amma da safe in na je saro kifi ina ganin mai shimfiɗe saman ruwa yana walƙiya kusa da inda ake gyaran inji, kuma nan ɗin dai yara ke wanka.

Makanike, Ashaiman: Hajiya gaskiyarki, amma ba duka laifinmu ba ne. Injin kwalekwale mai shan firimis haka aka ƙera shi, fetur da man inji a gauraye, wani kaso bai ƙonewa ta salansa yake fita cikin ruwa. Inji mai zagaye huɗu, wanda ba a gauraya masa fetur da man inji, ya fi tsabta amma ya fi tsada, masunci kuma firimis ɗin gwamnati ke sa masa tallafi, me zai sa ya canja? Baƙin mai dai ni a durom nake tarawa, akwai masu zuwa su saya.

Mai walda, Nima: Masu sayen nan, oga, me suke yi da shi? Kuma yaya na Sifen, injin gogewa mai zuƙe ƙurar nan nawa zai kai a sidi? In an samu na hannu ma ina so.