Ƙanena na shan Gardénal, gwaggo kuma ta kawo jiƙo

Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanena ɗan shekara 16 yana da farfaɗiya. Tun da lokotoro ya ɗora shi kan ƙwayar farfaɗiya mai suna Gardénal faɗuwar ta ragu, sai dai gyangyaɗi a lakwal. Gwaggonmu ta zo daga Mirya da jiƙo a galan, ta ce iska ce, a bar ƙwayar. Jiya da magariba ya sha kofi guda. Cikin dare sai sambatu, yana cafkar abin da ba ma gani, baƙin idonsa ya faɗaɗa, bakinsa ya bushe ƙamas. Gwaggo ta ce iskar ce ke fita. Mu ci gaba?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kar a sake ba shi ko kurɓi. Alamun nan sun yi kama da na zaƙami. Akwai sinadaran atropine da scopolamine a cikinsa, suna toshe acetylcholine, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Shi ya sa mutum ke ruɗewa, zuciya ta yi ta bugu, fitsari ya ƙi fita, gari ya waye bai tuna komai ba. Ku kai shi babbar likita ta Zinder yau, ku tafi da galan ɗin.

Wani dattijo daga Birni:
'Yata, a yi adalci. Da itatuwan nan kakanninmu suka rayu kafin zuwan Nasara.

Ma'aikaciyar jinyar:
Gaskiya ne Baba, ai atropine ɗin ma daga tsiro aka fara samun sa. Matsalar awo ce. Zaƙamin wannan gona da na waccan ƙarfinsu ba ɗaya ba, mai jiƙon kansa bai san nawa ya zuba ba. Abin da ya fi ba ni tsoro yanke Gardénal farat ɗaya, don yakan jawo faɗuwa a jere ba farfaɗowa, har a rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

Wani daga Zango:
Kar ka yi musu da gwaggo da kanka, ba ta ji daga bakin ɗa. Nemi kawu ko limamin unguwa. Addu'a da tofi ba su hana shan ƙwaya. Gyangyaɗin kuwa, ko goro zai taimaka?

Ma'aikaciyar jinyar:
A'a yaya, goro na hana barcin dare, rashin barci kuma na tayar da farfaɗiya. A faɗa wa lokotoro, shi zai rage awon ko ya sauya maganin.