Kayan dukawan Damagaram a tawagar minista: me za a shirya?

Baduku na Zango:
Assalamu alaikum. Idan ministan al'adu zai kai ziyara Turai don tallata al'adu da sana'o'in hannu, akan nemi ƙungiyoyi su ba da kaya, wani lokaci har mutum ɗaya ya bi tawaga. Tamu ƙungiyar ta dukawa ce: jakunkuna, tumtum, takalma, kube da kalangu. Me ya kamata mu shirya tun yanzu, kuma me ke sa a tsare kaya a hanya?

Malam Majemi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ku fara da fatar kanta. Ku zaɓi wadda aka jeme da bagaruwa, ku kuma rubuta hakan jikin kowane kaya, don masu saye suna nemansa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in kurom (sinadarin da kamfanoni ke jima da shi) mai cutarwa ya kai miligiram 3 a kilo ɗaya. Jimar bagaruwa ba ruwanta da kurom, amma fatar kamfani da ake saye don shafin ciki tana iya ɗauke da shi.

Abu biyu ke kunyata baduku a can: wari da fumfuna. Wari daga jimar da ba ta nuna ba ne, ko man gyaɗa da ya yi yawa ya tsufa a jikin fata. Fumfuna kuwa laima ce ke kawo ta. A nan iska busasshiya ce, tana rufa mana asiri. Can ba haka ba. Ku shanya kaya a inuwa kamar mako guda, ku naɗe da takarda, ban da leda, ku jefa ƴan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Ku gwada rini ma: a jiƙa farin ƙyalle, a goga sau goma. In jan karan dafi ya fito, kayan bai isa tafiya ba, don zai ɓata rigar mai saye. Tumtum a tafi da shi ba cushe, a ninke.

Hajiya mai kayan baje koli:
Malam ya gama da fata, ga takardu. Kowane kaya a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a rubuta nauyi da farashi, kofi uku. Ku raba na sayarwa da na nuni kawai, domin na nunin sai duwan sun rubuta cewa fita ce ta ɗan lokaci. In ba haka ba, ranar dawowa za a iya neman ku biya kuɗin shigo da kayanku na kanku.

Ku cire duk abin da aka yi wa ado da fatar mesa, kada, guza ko damo. Suna cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sai da izini ta hannun ma'aikatan gandun daji, kuma jaka ɗaya tana iya sa a tsare akwatin duka. Hauren giwa kada ma a fara. Kalangu mai ɗanyar fata, musamman in da gashi, likitocin dabbobi na bakin iyaka ke tsare shi saboda cuta, don haka ku nemi takardarsu ko ku bar shi gida. Kwalin takarda ya fi akwatin katako sauƙi, tunda katakon sai da hatimin cewa an kashe ƙwarinsa.

Baduku na Zango:
Hajiya, an gode. Akwai tsohon sirdi da kube na kakanni, mun so a nuna su.

Hajiya mai kayan baje koli:
Kada ku saka su cikin kayan kasuwa. Dokar 97-022 ta 1997 ta kare kayan tarihin Nijar, fitar da su sai da izinin ma'aikatar al'adu. Shawarata, ku ɗinka sabo irinsu, ku haɗa da hoton na asalin. Tsohuwar fata ba ta jure sauyin iska.

Ɗan Birni:
Wanda zai bi tawaga ya duba fasfonsa yau, ya tabbata zai wuce ranar dawowa da wata uku aƙalla. Kuɗin bizar Schengen ta shiga Turai Yuro 90 ne, kusan jikka 59, kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, saboda haka ku tambayi ma'aikata tun wuri inda za a kai takardu. A rubuce ku nemi sanin wa zai biya jirgi, masauki da nauyin kaya.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ziyara. Minista yana buɗe ƙofa ne, ciniki naku ne. Mai shago zai tambaya: jaka hamsin, girma ɗaya, launi ɗaya, wata nawa? Ku tafi da amsar, da farashin sari a Yuro, da lambar WhatsApp da ake ɗauka. In ƙungiyarku ba ta taɓa zuwa baje kolin sana'o'in hannu na SAFEM a Yamai ko na SIAO a Wagadugu ba, ku nemi waɗanda suka je su duba muku farashin.

Ku kuma roƙi a sa Damagaram cikin jawabin. Unguwar Birni da fadar Sarki suna jerin jiran shiga kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2006, Agadas kuwa ta shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. Gidajen ƙasa masu zanen bango a Birni damina na cinsu kowace shekara, kuma irin wannan ziyara ce ake neman kuɗin gyara da horar da magina. Ku rubuta buƙatar shafi ɗaya, ku miƙa ta hannun ofishin al'adu na jiha kafin tawaga ta tashi.