Littafin ƙungiya ya kasa mana, da me za mu fara a kwamfuta?

Sakatare Auyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Auyo, har yau a manyan littattafai muke rubuta komai, sunan mamba, girman gonarsa, buhun taki nawa ya ci bashi, nawa ya biya bayan girbi. To lokacin biya sai rigima ta tashi, mutum biyu suna ɗaya sunan uba ɗaya unguwa ɗaya, a rubuta wa wannan biyan wancan, ga littafin bara ruwa ya taɓa shi. Yanzu ciyaman ya sayo laftof. Dan Allah Excel, wato manhajar jadawali da lissafi ta kwamfuta, ya ishe mu ko sai an haɗa mana manhaja?

Na Kura:
Wa alaikumus salam. Malam sakatare kar ku kashe kuɗi a manhaja tukuna, Excel zai riƙe ku. Amma wallahi in kuka kwashe littafin nan kuka zuba shi yadda yake, rigimar ce za ta biyo ku cikin kwamfutar. Ku fara ba kowane mamba lambarsa wadda ba mai irinta, ko ya rasu ko ya fita kar a ba wani. Sai ku raba shafi uku, na mambobi daban inda sunan mutum zai fito sau ɗaya tak, na bashi daban, na biya daban, a waɗannan biyun lamba za a riƙa sawa ba suna ba, kuma duk biyan da aka kawo layinsa daban da kwanan wata, ba wai a goge tsohon adadi a rubuta sabo ba. Wannan gogewar ita ke sa in an yi musu ba hujja. In aiki ya yi yawa daga baya sai ku koma Access, manhajar ajiye bayanai masu yawa, tsarin ɗaya ne.

Maman Hadeja:
Ƙari kan na Malam Na Kura, wajen lambar waya ku mai da layin ya zama na rubutu (Text) ba na lissafi ba tun farko, in ba haka ba Excel cinye sifilin farko yake. Sannan NIN da BVN ɗin mutane amana ce, akwai dokar kare bayanai ta 2023, a sa wa fayil ɗin fasawod, ba kowa zai buɗe ba.

Ɗan Ringim:
In kuna bin ƙauyuka yin rijista ku gwada KoboCollect, manhajar cike fom, a wayar Android, ko ba netwok yana ajiyewa, in an samu sabis a tura. Kuma duk Juma'a a kwafe a filash a ba ma'aji ya ajiye a gidansa.

Sakatare Auyo:
Allah ya saka da alheri. Lambar mamban nan za mu buga ta a kati mu raba kafin rabon takin rani. Malam Na Kura, wanda yake da gona biyu fa, lamba ɗaya ko biyu?

Na Kura:
Ɗaya ce, ta mutum ce ba ta gona ba. Ku buɗe wa gonaki shafi na huɗu.