Neman kalma: yaya za a ce patriarchy da Hausa?

Mai Shirin Adabi: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe huɗu zan naɗi shiri kan littafin Mariama Bâ ta Senegal, wanda ya fito a 1979, labarin Ramatoulaye da mijinta ya auro mata ƙawar 'yarta. Kalmar patriarchy ta tsaya mini a wuya. A taimaka.

Ɗan Zazzau: Mulkin maza.

Uwar Biyu: Mai sauraro zai ɗauka zancen gwamnoni ake. Danniyar maza ta fi.

Malamar Adabi: Yaya, danniya ta yi kaɗan. A littafin nan wa ya sa Mawdo ya yi wa matarsa Aissatou, ƙawar Ramatoulaye, kishiya? Uwarsa ce, don tana ganin 'yar maƙeri ba sa'ar ɗanta ba ce. Binetou ma, kishiyar Ramatoulaye, uwarta ce ta tura ta. Haka a littafin Tsitsi Dangarembga na Zimbabuwe, 1988, yarinyar labarin, Tambu, ba ta samu makarantar mishan ba sai da yayanta ya mutu. Tsari ne, mata ma suna cikin masu riƙe shi.

Baban Kamus: Na daɗe da ƙirƙiro ta: maigidanci. Kamar sarauta, kamar malanci. Ku ɗauka kyauta.

Uwar Biyu: Baba, maigidanci ai kamar yabo ne, a ce wane ya iya cefane.

Baban Kamus: Da Bature ne ya kawo ta da kun karɓa hannu bibbiyu. Abin gida ne ba ya kwarjini a wurinku.

Na Damagaram: Ku 'yan Najeriya kullum ku yanke wa Hausa hukunci ku kaɗai. Littafin Mariama Bâ ma da Faransanci aka rubuta shi, mu muka karanta asalinsa.

Ɗan Zazzau: To kawo taku mana.

Na Damagaram: Fifikon maza.

Baban Kamus: Kalma biyu! Harshen da ya isa, kalma ɗaya yake yi.

Mai Shirin Adabi: Jama'a, lokaci. Zan ce tsarin fifita maza, in bi da bayanin Malama a jimla ɗaya. Na gode.

Baban Kamus: Yi yadda kika ga dama, 'yata. Amma ki ambaci maigidanci ko sau ɗaya ne, mu ji me masu kira za su ce.

Mai Shirin Adabi: In minti ya ragu, Baba.