Muhawara: ciyawar da ke tsakanin katanga da kwalta, ta wa ce?

Mai Gidan Kwana: Salamu alaikum 'yan uwa. Ku taya ni ji, don raina ya kai maƙura. Tsakanin katangata da kwalta akwai ɗan fili. Ni na kwashe sharar da ke wurin, na dasa ciyawa, ni nake ba ta ruwa. Wani ɗan haya ya tare a gidan da ke jikin nawa, kullum da magariba sai ya hau da motarsa ya ajiye a kai. Yanzu sawun taya ya zama kwari biyu, in aka yi ruwa nan yake kwanciya, ga baƙin mai ya ƙone daidai inda inji yake tsayawa. Da na yi masa magana sai ya ce wai gefen titi ne. Ni kuma na ce babu mai ikon ajiye mota a filin wani ba da izininsa ba. Ko na yi ƙarya?

Tsohon Safiyo: Malam, ɗauko takardar awon gidanka ka nemo duwatsun iyaka tukuna. A yawancin unguwannin da aka yanka bisa tsari, fuloti yana ƙarewa ne a wajen katanga. Abin da ya rage zuwa kwalta rabon hanya ne, an bar shi saboda kwata, bututun ruwa, turakun wuta da masu tafiya a ƙasa. Ranar da ma'aikatan ruwa za su zo gyara, za su haƙa ciyawar nan ko sallama ba su yi maka ba.

Uwar Biyu: Ni ba ciyawar ce ta tsaya min a rai ba. Mene ne na "wani ɗan haya"? Da a ce mai gida ne ya halatta ya taka ke nan?

Mai Gidan Kwana: Hajiya, bayani kawai na yi.

Uwar Biyu: Bayanin ne dai. Ba ka faɗi launin motarsa ba, ba ka faɗi sana'arsa ba, hayar ce kawai ta zo maka baki.

Alhajin Layi: To ba ɗan hayar ba ne? Ko yanzu an hana a kira abu da sunansa? Wanda ya zuba gumi ya gina shi ya san zafin wuri. Mai haya gobe zai naɗe kayansa ya bar maka ramuka.

Ɗan Haya Mai Daraja: Ranka ya daɗe, wanda ya biya haya ya mallaki amfanin gidan har wa'adinsa ya cika, da ƙofarsa da hanyar shigarsa. Shi kansa mai gidan ba ya faɗo masa ciki sai da sallama. Kuɗinmu kuke karɓa kuna ƙara gini, sannan mu ne marasa sanin zafi?

Alhajin Layi: Ji sunan da ya sa wa kansa ma.

Ɗalibin Ilimi: Ku yi haƙuri in sa baki. Malaman fiƙihu sun daɗe da magana a kan wannan. Sararin da ke jikin gida suna kiransa fina'i: mai gidan ya fi kowa cancantar amfani da shi, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kaya, amma ba mallakinsa ba ne da zai gine ko ya toshe wa masu wucewa. Akwai kuma haƙƙoƙin da wani fili yake da su a kan wani, kamar na wucewa da na bin ruwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya jawo ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi. Sayyidina Umar ya lallashe shi ya ƙi, sai ya ce masa wallahi sai ruwan ya wuce ko ta kan cikinsa ne. Gonar tasa ce ba musu, amma hakan bai ba shi damar hana abin da ba ya cutar da shi ba.

Ɗan Haya Mai Daraja: Allah ya ƙara sani. Kun ji dai, ko ta kan cikinsa.

Ɗalibin Ilimi: A'a, kada ka ja maganata inda ban kai ta ba. Haƙƙin wucewa daban, mayar da wuri garejin kwana daban. Kuma a nan akwai cutarwa, tunda ciyawa ta mutu.

Alhajin Layi: Yauwa. Malam ya goyi bayanmu.

Mazaunin Waje: A birnin Landan tun 1974 aka hana hawa gefen titi da mota, har da wurin da aka shuka ciyawa, sai inda hukuma ta sa alama. Ba don filin na mai gida ne ba, don na jama'a ne. A garuruwa da yawa na Amurka kuma hukuma ce ke da ikon wurin amma kai za a tilasta wa yanke ciyawar. Kuma a dokar Ingila, in mutum ya shekara 20 yana bi ta filinka a sarari, ba da ƙarfi ba, ba kuma da izininka ba, yana iya samun haƙƙin hanya. Shi ya sa shiru yake da haɗari.

Uwar Biyu: An fara. Komai aka ce sai ka kai mu Landan.

Mazaunin Waje: Hajiya, ke ce fa kika fita daga zauren nan bara saboda an ce ki daina turo tallar atamfa.

Uwar Biyu: Aka roƙe ni na dawo. Tambayi wanda ya roƙa.

Direban Dare: Ni dai in tambaya, motar babba ce? Don wani lokacin ba ciyawa ce take ciwo ba.

Mai Gidan Kwana: Wato hassada nake yi masa? Allah ya isa. Ina da motata, a cikin gida take kwana.

Direban Dare: Shi kuma gidan da yake haya mai shi bai bar wurin mota ba, ya cike filin kaf da ɗakuna. Wa ya jawo?

Alhajin Layi: Ka jera duwatsu ka shafa musu farin fenti, ko ka binne tsofaffin tayoyi rabi. Magana ta ƙare.

Tsohon Safiyo: In wurin na hanya ne, duwatsun su ma laifi ne, kuma in wani ya yi karo da su da dare kai za a nema. Har yanzu dai ba wanda ya ce ya duba takardar awo.

Ɗan Haya Mai Daraja: Ba takarda suke nema ba, Baba. So suke mu riƙa gaishe su da izinin numfashi.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, na rufe wannan batu. Abin da aka fahimta shi ne: kusan kowa ya yarda mai gida ne ke da haƙƙi a kan ƙofar gidansa, kamar yadda Malam ya kawo daga littafi, kuma ko a Turai hukunta masu hawa ciyawa ake yi. Maganar Baba safiyo ta takarda ra'ayinsa ce, muna girmamawa. 'Yan uwanmu masu haya kuma a rage saurin fushi, ba wanda ya zage ku, ni ma ina da masu haya uku kuma ba mu taɓa samun matsala ba. Mai Gidan Kwana, ka sa duwatsunka. Duk wanda ya sake tayar da zancen zan cire shi.

Uwar Biyu: "Kusan kowa" su wa? Ƙirga min su.