Yadda za a rina ƙwai a yi masa ado domin yara a bikin Ista

Malamar Lahadi, Zuru:

Ina gaida kowa da kowa. Ni ce ke kula da ajin ƙananan yara a majami'armu, kuma bana ina son mu yi wa dafaffen ƙwai ado tare da su ranar Asabar kafin Ista, kowane yaro ya tafi gida da abin da ya zana da hannunsa. Matsalata biyu ce. Ƙwan da ake samu a kasuwarmu na kajin gidan gona ne mai ɓawo ruwan ƙasa, kuma na gwada kalar abinci a kansa, launin bai fito ba. Sannan ba na son in sa wa abin da yara za su ci fentin da ban san abin da ke cikinsa ba. Ina roƙon iyaye da 'yan'uwa masu sani su ba ni shawara a kan abin da zan iya samu a nan kusa.

Maman Tagwaye, Aliero:

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Abin da kike nema yana zube a ƙasa a wurin masu sayar da albasa, domin busasshen ɓawon albasa yana rina ƙwai da kyau, kuma shi ne ya fi dacewa da ƙwai mai ruwan ƙasa, tunda ƙara masa duhu yake yi har ya koma ja mai zurfi. Ki tara ɓawon kamar cike da kwano biyu, ki wanke ƙurar, ki tafasa shi a ruwa lita ɗaya na minti 20 zuwa 30, ki zuba ruwan kal cokali biyu, sannan ki dafa ƙwan a ciki. Amfanin ruwan kal shi ne yana ɗan cin saman ɓawon ƙwan yadda rinin zai kama, amma idan ya yi yawa sai ɓawon ya yi gautsi. In babu shi, ruwan lemon tsami yana yin aikin.

Abin da yara za su fi so shi ne zanen ganye. Ki tsinko ɗanyen ganyen zogale, ki jiƙa shi ki manna a jikin ɗanyen ƙwan, ki naɗe da yankin tsohon gyale mara kauri, ki ɗaure tamau da zare kafin ki sa a tukunya. Idan ya huce kika kwance, za ki ga siffar ganyen ta fito sarai da 'yan ƙananan zagayenta, wurin da ya rufe ya zauna da launinsa na asali, sauran jikin kuma ya yi ja. Daga nan ki ɗiga man gyaɗa a tsumma ki goge, sai ya yi sheƙi. Kurkum yana ba da rawaya, amma ya fi fitowa a ƙwan kajin gida ko na agwagwa masu haske. Zoɓo kuwa, duk da jan da yake da shi a kofi, a jikin ƙwai shuɗi mai duhu yake komawa, kusan ruwan toka, kuma ba ya buƙatar ruwan kal saboda tsaminsa.

Mai Ƙunshi, Birnin Kebbi:

Ni Musulma ce, sana'ata zanen lalle, kuma tambayar ta burge ni domin jikin ƙwai wuri ne mai daɗin zane. Yaya Malama, jan lalle na gargajiya yana kama ɓawon ƙwai. Ki kwaɓa shi da ɗan lemon tsami ya yi laushi, ki ɗura a leda mai tsinin baki kamar yadda muke yi wa amare, ki zana fure ko ɗigo-ɗigo ko dagin Arewa, ki bar shi ya bushe sosai kafin ki kankare. Sai dai ina jan kunnenki da babbar murya game da baƙin lalle: dayis ake haɗa shi da shi, kuma yana ƙona fatar wasu mutane, don haka kada ya kusanci abincin yara ko hannunsu. Ɓawon ƙwai yana da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, abin da aka shafa a waje yana iya ratsawa ciki. Ko jan lallen ma, na fi son a yi shi a kan ƙwan da aka fitar da cikinsa, wanda za a ajiye don ado.

Tsohon Malamin Makaranta, Yauri:

'Yata, shawarwarin da aka ba ki masu kyau ne, ni kuwa ina so ki samu abin da za ki gaya wa yaran idan suka tambaye ki dalili. Littafi Mai Tsarki bai umarci a rina ƙwai ba, al'ada ce da ta girma a cikin majami'u. A Turai ta dā, masu azumin kwana 40 kafin Ista ba sa cin ƙwai, kaji kuwa ba su daina yi ba, sai a dafa a ajiye, ranar buɗe baki a raba. Har yau Kiristocin Girka suna rina ƙwai ja ranar Alhamis ɗin da ke kafin Ista domin tunawa da jinin Almasihu, ana kuma kwatanta fasa ɓawon da buɗewar kabari. Mutanen Iran ma suna yi wa ƙwai ado a bikin Nowruz, sabuwar shekararsu da ke faɗowa wajen 21 ga Maris. A Rasha abin ya kai har fada: a 1885 Sarki Alexander na Uku ya sa maƙerin zinariya Fabergé ya ƙera wa matarsa ƙwan Ista, aka ci gaba da yin haka har juyin juya halin 1917.

Hanyar da na fi ganin ta dace da manyan yaranki ita ce ta mutanen Yukren, wadda UNESCO, hukumar kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Kakin zuma suke narkarwa su yi zane da shi, duk inda kakin ya rufe rini ba ya shiga. Ki soka allura mai kai a gindin fensir, ki tsoma kan a narkakken kaki, ki ja layi a jikin ƙwan. Ki fara tsoma shi a launi mai haske, wato kurkum, ki ƙara rufe wasu wurare da kaki, sannan ki tsoma a mai duhu. Ruwan rinin dole ya zama ya huce, in ba haka ba kakin zai narke. A ƙarshe a kanga ƙwan a gefen harshen kyandir a goge kakin, launukan su bayyana. Aikin wutar babba ne zai yi shi. Zanen da za a kwaikwaya kuwa yana nan a jikin ƙoran da ake sassaƙawa a kasuwanninmu.

Ma'aikaciyar Jinya, Zuru:

Malama, abin da ya fi damuna shi ne zafi. Ista tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a Turai lokacin sanyi ya fara janyewa, a nan kuwa tsakiyar bazara ce, zafi yana haura digiri 40. Ƙa'idar kiwon lafiya ita ce kada dafaffen ƙwai ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Saboda haka ƙwan da aka dafa ranar Asabar, yara suka yi ta juya shi a hannu, ya kwana ba firiji, bai kamata a ci shi ranar Lahadi ba.

Shawarata ki raba aikin gida biyu. Na ci, ki dafa shi da ɓawon albasa da asubar Lahadi a raba nan take, wanda ya tsage a tukunya a fara cinye shi. Na ado kuma, ki huda ɗanyen ƙwai sama da ƙasa da allura, ki fasa gwaiduwar da tsinke, ki tura iska da sirinji mai tsabta har cikin ya zubo a kwano, ki ɗauraye ɓawon ya bushe. Abin da ya zubo sai ki soya wa yaran a ranar, ba a yi asarar ko ɗaya ba, kin kuwa san tsadar kiret a yanzu.

Malamar Lahadi, Zuru:

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana, Allah ya saka da alheri. Zan bi tsarin raba aikin biyu: ƙananan su yi na ganyen zogale, manyan su gwada kakin zuma da lalle a kan ɓawon da babu komai a ciki. Baba na Yauri, tambaya ɗaya ta rage mini: ɓawon da aka fitar da cikinsa yana tasowa saman ruwa, shin in danne shi da cokali har rinin ya kama, ko in rina ƙwan tukuna sannan in huda shi?