Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Bindigar "Semi-Automatic"?

Assalamu alaikum malamai, masu fassara, 'yan jarida da maharba. Yau suna nake nema mana na bindigar da Turawa ke kira semi-automatic. A rediyo da jaridu kusan kullum "bindiga mai sarrafa kanta" ake cewa, ko wace iri ce. Wannan bai kwanta mini ba. Bindigogi iri biyu ne muka haɗa da suna ɗaya, alhali a Amurka ɗaya a shago ake sayar da ita ga maharbi da ɗan gasa, ɗayar kuwa tun 1986 aka hana farar hula mallakar sabuwarta.

Mu fara sanin abin kafin raɗin suna. Idan ka danna kunama, albarushin cikin harsashi ya kama, iskar zafi ta ingiza dalma waje. A yawancin dogayen bindigogin nan akwai 'yar ƙofa a jikin bututu da ke karkatar da kaɗan daga wannan iska zuwa baya. Iskar ta bangaje ƙarfen da ya toshe gindin bututu, ya ja da baya, ya fizgo kwanson da ya ƙone ya yar, ya danne 'yar gudumar da ke dukan harsashi. Sifirin ya maido shi gaba, a hanya ya kwaso sabon harsashi daga gidansa ya cusa. Wasu kuma da ƙarfin zaburar da bindiga ke yi baya suke wannan aiki. Kafin ƙiftawar ido an gama.

Daga nan sai ta tsaya cak. Ko ka wuni danne da kunama ba za ta ƙara tashi ba, sai ka saki ka kuma dannawa. Danna ɗaya, harsashi ɗaya. Ita kuwa wadda suke kira automatic ba ta san wannan tsayawar ba: muddin yatsa na kan kunama ɓarin wuta take yi har harsashi ya ƙare. Duk sunan da za mu kawo, in bai nuna wannan tsayawa ba, bai yi aikin da muke nema ba.

Kada kuma mu ce za mu bi kama. Kamfanin ArmaLite ne ya ƙera doguwar bindigar nan AR-15 a ƙarshen shekarun 1950 bisa zanen Eugene Stoner, ya sayar wa kamfanin Colt a 1959. Daga ita aka sami M16 ta sojan Amurka, mai iya ɓari, aka kuma sami ta farar hula wadda ba ta yi. In ka jera su daga nesa ba za ka raba ba. Bambancin yana ciki, wajen kunama.

To ga sunayen da suka fara zuwa.

"Rabin mai sarrafa kanta." Wannan bin Turanci ne baki da baki, kuma kunnen Bahaushe rabin bindiga zai ji. Na wuce ta.

"Mai harbi ɗaiɗai." Gaskiya ce, amma gaskiyar ta yi faɗi. Harbi-ka-ruga ma ɗaiɗai take harbi. Mai baki biyu haka. Mai sakata, wadda kake jan ƙarfe da hannu bayan kowane harbi, haka. Sunan bai fitar da tamu daga cikinsu ba.

"Mai ɗura kanta." Wannan ta fi jan hankalina, kuma tana da madogara, domin sojan Ingila da suka ɗauki L1A1, wadda ta samo asali daga bindigar kamfanin FN na Beljiyam, da wannan ma'anar suka kira ta: mai yi wa kanta ɗuri. Sai dai matsala biyu. Mai ɓari ma tana ɗura kanta, har ta fi sauri, ka ga mun koma inda muka fito. Sannan ɗuri a bakin maharbinmu shi ne zuba albarushi da dalma a dannaƙe da tsumma, wato aikin da ake yi kafin a fita. Kwatankwacinsa a bindigar zamani shi ne jera harsasai a gidansu, kuma wannan har gobe hannun mutum ke yi.

Abin da nake kawo muku shi ne "bindiga mai ɗana kanta".

Ku dubi yadda muke amfani da ɗana. An ɗana tarko. Ɗanannen tarko ba ya tashi da kansa, yana nan a shirye yana jiran a taɓa shi, in an taɓa ya faɗa sau ɗaya, sai kuma an sake ɗana shi. Shiri da jira duk suna cikin kalmar. Haka maharbi ke cewa ya ɗana bindiga, kowa ya san bai harba ba tukuna, yatsa kawai ya rage. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da bindigar nan ke yi wa kanta: ta yar da kwanso, ta sa sabo, ta ɗanu, ta jira ka. Harbin na mai yatsa ne, kowane guda. Mai ɓari ba ta jira, don haka sunan ba ya hawa kanta sosai, sai mu bar mata "mai sarrafa kanta" da jama'a suka riga suka saba. Kalmomin biyu ma sun zo da gini iri ɗaya, mai karanta labari zai iya jera su a jimla ɗaya ba tare da harshe ya sarƙe ba.

Suna ba a tabbatar da shi sai an sa shi aiki. Bari mu kai shi inda bindigar nan ta fi yawa a hannun farar hula, wato gasar bindiga uku da ake yi a Amurka. Ɗan gasa yana shiga fili da doguwar bindiga, da ƙarama ta ƙugu, da ta harbin tsuntsu mai watsa ƙwayoyi. Alƙali na biye da shi da wani agogo mai jin ƙarar harbi. Yana gudu daga wannan mafaka zuwa waccan, ya harbi allon takarda da ke gabansa taku kaɗan, ya ajiye wannan bindiga ya ɗauki waccan, ya kwanta ya nemi faifan ƙarfe da ke yadi 300 ko fiye. A yawancin gasannin lokaci ake lissafawa, duk abin da ka kuskure a ƙara maka daƙiƙoƙi. Shi ya sa mai sakata ba ta da kasuwa a nan, jan ƙarfe bayan kowane harbi asarar lokaci ce. Galibi AR-15 suke zaɓa, mai cin harsashi .223 (lambar kaurin dalma ce a inci) saboda ba ya dukan kafaɗa sosai, baki ba ya tashi sama, harbi na biyu ya bi na farko wuri guda. Bututu inci 16 zuwa 18, gidan harsashi mai cin 30, madubin hange da ake murzawa daga 1 zuwa 6 don ya yi kusa ya yi nesa, kunama mai laushi.

Abin da ya sa na kawo gasar nan shi ne, sau da yawa duka ukun da ke jikin ɗan gasa irin wannan ne. Kenan sunan dole ya hau kowacce. "Doguwar bindiga mai ɗana kanta." "Ƙaramar bindiga mai ɗana kanta", irin Glock. "Bindigar tsuntsu mai ɗana kanta." Jam'i: "bindigogi masu ɗana kansu." Babu wadda ta ƙi. Kuma za ka iya ba da labarin gasar daidai: mutum ya saki harsashi goma cikin 'yan daƙiƙoƙi, mai kallo ya rantse ɓari ne, alhali sau goma yatsansa ya danna ya saki. Gwanintar kenan da ake ba kyauta a kanta. In muka ce bindigarsa ke sarrafa kanta mun ƙwace masa aikinsa mun ba ƙarfe.

A farauta ma ba baƙuwa ba ce. Tun 1906 kamfanin Remington ya fitar wa maharba wata da John Browning ya zana, wadda daga baya aka sani da Model 8. Sai a 1936 sojan Amurka suka ɗauki M1 Garand mai cin harsashi 8. Wato maharbi ya riga soja da shekara 30. Yau wanda ke son bindiga ɗaya ta yi masa gasa da farauta yakan ci karo da doka. Harsashin .223 da ke da daɗi a filin gasa, jihar Kolorado ba ta yarda a harbi manyan namun daji da shi ba, sai .24 zuwa sama, kuma mai ɗana kanta kada ta ɗauki fiye da harsashi 6. Jihar Fensilbaniya ta halatta mai ɗana kanta ga ƙananan dabbobi a 2017 amma ba ga barewa ba. Wanda ya koma AR-10, yayar AR-15, mai cin .308 ya sami ƙarfin kayar da barewa, sai dai ta fi nauyi, ta fi duka, a gasa za ta ci masa lokaci. Manoman Texas kuwa da aladun daji ke ɓarnatar musu da gona sun fi son mai ɗana kanta, don garke ne ke zuwa, harbin farko kuma duk su watse. Ku lura na ba da wannan bayani duka da sabon sunan, bai tsaya mini a maƙogwaro ba ko sau ɗaya.

Inda na fi damuwa shi ne labarai. Ranar 15 ga Maris 2019 aka kashe 'yan'uwanmu 51 a masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand, Allah Ya jiƙan su. Kafin wata ya cika majalisar ƙasar ta haramta yawancin bindigogi masu ɗana kansu. Wanda aka gaya wa an haramta "masu sarrafa kansu" zai ɗauka a da mashinga ake sayarwa a kasuwa, bai fahimci abin da gwamnatin Jacinda Ardern ta taɓa ba. Ingila ta yi irin wannan doka a 1988 bayan kisan gillar da aka yi a garin Hungerford. A Amurka kuwa, bayan harin Las Vegas na 2017, gwamnati ta haramta wani gindin bindiga da ke sa mai ɗana kanta ta yi saurin mai ɓari. A 2024 Kotun Ƙoli ta soke haramcin, alƙalai 6 suka rinjayi 3, kuma babbar gardamar a kan abu ɗaya ta tsaya: shin motsin kunama ɗaya ne ke fitar da harsasan nan, ko kowane harsashi da nasa motsin? Mai fassarar da ke da suna ɗaya tal ga iri biyun, ta ina zai fara ba da wannan labari?

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Malam, ka ce libarba, ƙaramar bindiga mai gidan harsashi mai juyawa, ita ma ai tana ɗana kanta in ka ja kunama. Allah Ya ƙara sani, amma a can ƙarfin yatsanka ne ke juya gidan harsashi ya ɗaga guduma, shi ya sa kunamarta ke da tauri. Kai ka ɗana ta. A tamu ƙarfin harsashin da ya fita ne ya yi aikin.

Malama, gaskiyarki, a rubuce "ɗana" ɗaya take da ɗana na cikina. Karin sauti ke raba su a baki, a takarda kuma "mai" da ke gaba da "kanta" da ke baya sun isa. Abin da zan roƙa shi ne a riƙa sa ƙugiyar ɗ.

Baba, naka ya fi kowanne daɗin faɗi: "danna-ka-saki", a kan ginin harbi-ka-ruga, kishiyarta kuma "danna-ka-riƙe". Na karɓa hannu biyu a matsayin sunan hira da na daji, kuma ba zan yi mamaki ba in shi ya fi yaɗuwa. Abin da ya hana ni sa shi a gaba, mai sakata ma dannawa kake ka saki, sai dai ka ƙara da jan ƙarfe. A rubutun labari da na doka ina nan a kan "mai ɗana kanta".

Yallaɓai da ya tambayi AK-47, ita ta Mikhail Kalashnikov tana da maɓalli a gefen dama mai matsayi uku: sama kulle, tsakiya ɓari, ƙasa ɗaiɗai. Tunda tana iya ɓari, a rukunin masu sarrafa kansu take. In ana son a faɗi yadda aka harba ta a wani lokaci, sai a ce "ya sa ta a ɓari" ko "ya sa ta a ɗaiɗai". Akwai kuma masu kamarta da ake ƙera wa kasuwar farar hula a ƙasashen waje, waɗanda aka cire musu matsayin tsakiya. Waɗannan, in sun shigo labari, a rubuta "samfurin AK mai ɗana kanta".